Yadda aka sake tashin Mosquito KA114 bayan ya shekara 30 yana ruɓewa a gona

Ranar 21 ga Yulin 1996 ana bikin nuna jirage a filin Barton kusa da Manchester a Ingila, wani tsohon jirgin yaƙi ƙirar de Havilland Mosquito mai lamba RR299 ya hau sama zai yi wata juyawa a gaban 'yan kallo, sai injin hagu ya ɗauke na ɗan lokaci, jirgin ya karkace ya faɗo, mutum biyun da ke ciki duk suka rasu. Masu bincike sun fi ɗora abin a kan kafireton injin, ba katakon jikin jirgin ba ne ya gaza. Amma dai abin da ya faru ya faru, shi ne Mosquito na ƙarshe da ake tashi da shi a lokacin, kuma daga nan sai da aka yi shekara 16 cur ba a ƙara ganin irinsa a sama ba a duk duniya. Jirgin da aka ƙera guda 7,781 fa.

To me ya sa? Ai Spitfire da Mustang da sauran jiragen yaƙin duniya na biyu kullum ana tono su daga rami ko daga ƙarƙashin ruwa a gyara su su tashi. Bambancin shi ne su ƙarfe ne, Mosquito kuwa katako ne, kusan duk jikinsa da fukafukansa da jelarsa. Kuma ba katako irin na a yanka a buga ƙusa ba, wannan ne ma ainihin matsalar da nake so in tsaya a kai, don labarin KA114, Mosquito ɗin da ya fara komawa sama bayan shekarun nan 16, in ka duba shi da kyau labarin wani mol ne guda biyu, wato abin da ake shimfiɗa katakon jikin jirgin a kai ya ɗauki siffa, da wani mutum ya zauna ya sassaƙa a shagonsa, jirgin daga baya ya biyo.

Yadda aka ƙera shi tun asali

Mosquito, wato sauro, ya fara tashi ranar 25 ga Nuwamba 1940 a Hatfield, ɗan mai kamfanin da kansa Geoffrey de Havilland ƙarami ne ya tuƙa shi. Dabarar kamfanin ita ce alminiyam ya yi wuya saboda yaƙi, masu aikin ƙarfe duk an kwashe su, amma ga kafintoci da masu yin kujeru da gadaje zaune, musamman a garin High Wycombe da aka sani da aikin kayan ɗaki. Sai aka ce to a yi jirgi na katako mara nauyi, a sa masa injin Rolls-Royce Merlin guda biyu, gudunsa ya zama shi ne kariyarsa. Haka kuwa aka yi, yana zarce kilomita 600 a awa, a lokacin da ya fito ba kowane jirgin Jamus ke iya kamo shi ba. An ƙera shi a Ingila, da Kanada a Downsview ta Toronto, da Ostireliya a Bankstown kusa da Sydney, har zuwa 1950.

Gangar jikin ba ta da wani ƙashi mai yawa a ciki, fatar ce ke ɗaukar nauyi, kamar ƙwan kaza. Fatar nan hawa uku ce: siririn filawud na itacen birch a ciki, sai balsa a tsakiya, wani itace mai sauƙin nauyi sosai da ake kawowa daga Ikwado, sai wani filawud ɗin a waje, duka kaurinsu bai fi santimita ɗaya da ɗan abu ba. Inda za a ɗaura wani abu mai nauyi ko a yanka ƙofa sai a cire balsa a sa katako mai ƙarfi a gurbinsa. Ana yin jikin ne rabi biyu, hagu da dama, kowane rabi a kan mol ɗinsa, wani ƙaton abu mai siffar cikin jirgin sak, wasu na katakon mahogani wasu na kankare. A jikin mol ɗin akwai ramuka da tsagi da ake zura bangayen ciki da sauran guntayen katako tun farko, sannan a shimfiɗa filawud na ciki a shafa gam, a ɗaure da ɗamarar ƙarfe ya matse har ya bushe, a zo a sa balsa, a sake ɗaurewa, a sa na waje, a sake ɗaurewa. In an ɗaga rabin daga kan mol sai ma'aikata su sa wayoyi da bututu da kayan tuƙi a ciki tun yana buɗe, abin da ya sauƙaƙa aiki ƙwarai, daga ƙarshe a haɗa rabin biyu a manne, a lulluɓe da wani lallausan yadin auduga a shafe shi da fenti mai sa shi ya ɗame.

Fiffiken kuma guda ɗaya ne daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kusan mita 16 da rabi, ginshiƙansa biyu na itacen spruce, an rufe da filawud, ga gam ga dubban sukurori na tagulla. Jikin jirgin a kansa yake zama.

Duk wannan ya yi kyau ga jirgin da ba a sa ran zai wuce 'yan shekaru ba, ko ma 'yan watanni. Gam ɗin farko da aka yi aiki da shi na kasin ne, daga madara ake yin sa, in damshi ya shige shi sai ya fara lalacewa, fumfuna ta kama shi. Daga baya aka koma wani na kemikal da ya fi jure ruwa, shi kuma in ya tsufa sai ya bushe ya riƙa tsagewa. Tun ana cikin yaƙin ma, a 1944, an samu haɗurra a Indiya da suka sa aka dakatar da jiragen ana duba fukafukansu. Sannan balsa in ruwa ya samu ƙofa ya shiga tsakanin filawud biyun nan sai ya jiƙe ya ruɓe daga ciki, a waje kana ganin fenti lafiya lau. Ba za ka iya buɗe fatar ka duba ka mayar ba yadda ake cire faifan alminiyam a sake buga wani. Abin da ya rage kawai a yi sabon jiki, sabon jiki kuma sai da mol, mol kuwa da aka daina ƙera jirgin duk an watsar da su an lalata, wa zai ajiye ƙaton kankare na jirgin da ya zama tsohon yayi a zamanin jet.

Shi KA114 ɗin

KA114 ƙirar Kanada ne, samfurin FB.26, mai faɗa kuma mai jefa bam, igwa huɗu ta milimita 20 a ƙarƙashi da mashinga huɗu a hanci. An gama shi a 1945 yaƙi na ƙarewa, bai je fagen fama ba, kusan daga masana'anta sai ma'ajiya. A 1948 aka yi gwanjonsa, wani manomi a kusa da Milo a lardin Alberta ya saya. Wannan ba abin mamaki ba ne a lokacin, manoma da yawa a Kanada sun sayi irin waɗannan jirage da araha don tayoyi da noti da waya da tankuna da bututun da za su cire su yi aikin gona da su. Jirgin ya zauna a fili, rana ta doke shi, ƙanƙara ta rufe shi, shekara 30. A 1978 wani gidan adana tsofaffin jirage na British Columbia ya karɓe shi, kuma wajen ɗaukarsa ma gangar jikin ta karye biyu saboda tsabar ruɓewa. Babu injuna, kaya da yawa an cire. A haka ya ci gaba da zama a ajiye har 2004, lokacin da Jerry Yagen, Ba'amurken nan mai tara jiragen yaƙi wanda ya kafa gidan tarihin jiragen soja na Virginia Beach, ya saye shi.

Duk wanda ya ga hoton abin da Yagen ya saya zai ce an cuce shi, tarin ruɓaɓɓen katako ne da tsatsa. Amma ba katakon ya saya ba. A jikin Mosquito akwai dubban ƙananan kayan ƙarfe, maɗaurai, hinjis, ƙafafun injin, sandunan tuƙi, firam ɗin gilashin matuƙi, kuma waɗannan su ne ke da wahalar samu ko ƙerawa. Ko wanda ya lalace ma yana da amfani don a kansa za a auna a yi sabo. Sannan ga lambar jirgin da tarihinsa a takarda, wanda a wannan harka shi ne ke bambanta tsohon jirgi da aka sake ginawa da kwaikwayo.

Abin da ya ba shi ƙarfin gwiwar saye kuwa yana can Niyu Zilan.

Glyn Powell da mol ɗinsa

Glyn Powell mutumin Niyu Zilan ne, shagonsa a Drury kudu da Auckland. Tun wajen ƙarshen shekarun 1980 ya ƙudurta sai ya tashi Mosquito, yana da ragowar wani ƙirar Ostireliya mai lamba NZ2308, kuma da wuri ya gane cewa babu hanyar da za ta kai shi sai ta mol. Mutane da yawa da suka san jirage sun ɗauka abin ba zai yiwu ga mutum ɗaya ba. Ni ma da ina nan lokacin haka zan ce.

Wahalar ita ce jikin Mosquito ba bututu ba ne miƙaƙƙe, lanƙwasa yake ta ko'ina, daga hanci ya kumbura ya zo ya tsuke zuwa jela, kuma mol ɗin siffar ciki zai ɗauka ba ta waje ba, wato sai ka cire kaurin fatar daga kowane awo. Kowane tsagi da za a zura bango ko guntun katako dole ya faɗa daidai inda yake a asali, don daga baya kayan ƙarfen da aka ƙera a 1945 a Toronto za su zo su zauna a wurin, ramin noti ya haɗu da ramin noti, ba za su matsa maka ko kaɗan ba. Sannan mol biyu ne, hagu da dama, in rabin da ka cire daga wannan bai haɗu da na wancan ba baki da baki a tsawon mita goma da wani abu, to aikin banza ka yi. Zane-zanen kamfani kuma ba a wuri ɗaya suke ba, ya sha yawo da rubuce-rubucen wasiƙu yana tattaro su daga ƙasashe, inda babu zane ya auna ragowar jiragen da ke gidajen tarihi. Aikin ya fi kama da na masu ƙera kwale-kwalen katako, su ma haka suke zana layukan jiki a cikakken girma kafin su fara yanka. Shekaru ya kwashe a kan mol ɗin nan kaɗai, ba jirgi, ba inji, ba abin da za ka nuna wa baƙo ya burge shi.

Jikin farko da ya fito daga mol ɗin bai ma tashi ba, an kai shi Windsor a Ontario ta Kanada wa wata ƙungiya da ke haɗa Mosquito na ajiye a nuna. Wannan dabara ce mai kyau a ganina, gwajin farko ka yi shi a kan abin da ran mutum ba zai hau ba. Na KA114 ne ya zama na farko da aka yi don tashi. Nasa jirgin kuwa, wanda don shi ya fara komai, sai ya koma baya yana jiran layi.

A nan ne kuma aka saɓa wa asali da gangan. Itatuwan dai su ne, spruce da balsa da filawud na birch, kuma samun spruce mai kyan da ya isa jirgi shi ma aiki ne, sai mai miƙaƙƙen layi, ba ƙulli, ba murɗewa, bushewarsa daidai, katako da yawa ana dubawa a ajiye gefe. Amma gam ɗin epoksi na zamani aka sa a maimakon na da. Akwai masu cewa ai an canja jirgin kenan. Ni dai ban ga abin musu a nan ba, gam ɗin da ne ya kashe yawancin jiragen, in ka maimaita shi don kawai a ce ka bi asali to ka gina jirgin da jikokinka za su sake tarar da shi a ruɓe, kuma mutum biyu za su zauna a ciki a yi ta juyi da su a gaban jama'a.

Aikin Avspecs

Da katako ya kammala, jiki da fiffike da jela, sai aka kai su kamfanin Avspecs a filin jirgin Ardmore, na Warren Denholm, waɗanda dama sun saba da gyaran jiragen yaƙi na ƙarfe. Mutum zai ɗauka an ci rabin aiki, ina, nan ne ma shekaru suka tafi. Kowane ƙarfe da aka ciro daga tarkacen Alberta sai an wanke shi, an duba ko ya tsage, an yanke hukunci ko zai koma ko sai dai a yi sabo a kan siffarsa. Abin da babu sai a nema a duniya, wajen masu tara kaya, ko a ƙera daga zane. Lagireton Mosquito a cikin gaban fiffike yake tsakanin jiki da inji, siffarsa daban, ba ka samunsa a kasuwa. Murfin injin na alminiyam da hannu ake bubbuga shi. Ƙafafun sauka ma abin sha'awa ne, maimakon mai da iska da sauran jirage ke amfani da su wajen shanye jijjiga, de Havilland tarin guntayen roba ya jera a cikin ƙafar don a rage aikin injin sassaƙa ƙarfe lokacin yaƙi, to su ma sai an samo sabbin roba. Ga bututun haidirolik, ga na iska don birki, ga wayoyi, ga tankunan mai a cikin fiffike. Injunan Merlin biyu kuwa a Kaliforniya aka sake gina su aka turo.

Kuma babu wanda za ka je ka tambaya ka ce yaya kuka yi naku, don babu wanda ya taɓa haɗa Mosquito daga sabon katako tun 1950. Kusan shekara takwas aikin ya ci daga sayen tarkacen zuwa tashi.

Ranar 27 ga Satumba 2012 KA114 ya tashi daga Ardmore. Bayan kwana biyu, 29 ga wata, aka yi bikin nuna shi a filin, jama'a suka cika, har da tsofaffin da suka tuƙa irinsa a yaƙi. David Phillips da Keith Skilling su ne matuƙan da suka yi ta gwada shi da nuna shi a Niyu Zilan. An yi masa fentin runduna ta 487, rundunar 'yan Niyu Zilan da ta tuƙa Mosquito a Turai, tana cikin waɗanda suka kai harin nan na gidan yarin Amiens a Faransa ranar 18 ga Fabrairu 1944, da haruffan EG-Y a gefe. Wato jirgin Kanada, kuɗin Ba'amurke, rigar Niyu Zilan, ladan masu aiki kenan. A 2013 aka kwance shi aka sa a jirgin ruwa zuwa Amurka, kuma a shekarar ya je Hamilton ta Kanada ya tashi tare da Lancaster, wani babban jirgin jefa bam na zamanin yaƙin.

Tashi da shi a gaban jama'a

Gina shi daban, riƙe shi yana tashi daban. Mosquito ba jirgi ne mai yafiya ba. Farfelolinsa biyu gefe ɗaya suke juyawa, shi ya sa wajen tashi yake fizgar hanci zuwa hagu, matuƙi sai ya tura maƙurar injunan a hankali, ɗaya na ɗan gaba da ɗaya, har jela ta samu iskar da za ta yi aiki. In kuma inji ɗaya ya mutu jim kaɗan bayan an bar ƙasa, kafin gudu ya kai inda za a iya riƙe shi da ɗaya, to jirgin juyewa yake son yi, kuma wannan gudun yana da yawa a Mosquito, akwai 'yan daƙiƙun da matuƙi ba shi da wani zaɓi mai daɗi. Darasin Barton ma yana nan: juyin da zai sa jirgi ya rasa nauyi na ɗan lokaci yana iya rikita mai a kafireton Merlin. Shi ya sa in ka kalli yadda ake nuna su yanzu za ka ga yawanci wucewa ce da gudu, da karkata fiffike a nuna wa jama'a bayansa da cikinsa, da hawa a hankali, ba a cika matsa masa ba. Gaskiya ma ba ya buƙata, ƙarar Merlin biyu a tare ta ishi kowa.

A ƙasa kuma abokin gabarsa ruwa ne har gobe. Ba a barinsa ya kwana a waje in da hali, ana lura da damshin rumfar da yake ciki, ƙananan ramukan zubar da ruwa da ke ƙarƙashin fiffike da jiki dole su kasance a buɗe, ana ƙwanƙwasa fatar ana sauraro ko wani wuri ya saki, ana duba notin da suka ratsa katako don katako na kumbura ya kuma tsuke da sauyin yanayi.

Tsoho ne ko sabo

Wannan gardamar ba ta ƙarewa a tsakanin masu son jirage. Kusan duk katakon KA114 sabo ne, to da wane dalili za a ce jirgin 1945 ne? Masu wannan magana sukan kawo misalin VR796, wani Mosquito samfurin B.35 da aka gyara a Victoria ta Kanada ya tashi a 2014, wanda shi yawancin katakonsa na asali ne don ya samu ajiya mai kyau. Sun yi gaskiya, VR796 ya fi shi zama tsoho. Sai dai irin VR796 sa'a ce, ba a samun su biyu, sauran masu katakon asali suna gidajen tarihi kuma can ya kamata su zauna, kamar na gwajin farko W4050 da ke Salisbury Hall inda aka zana shi, wanda ba mai hankalin da zai ce a tashe shi. A ganina ma sabon katako shi ya fi dacewa da wasan sama, in wani abu ya faru Allah ya kiyaye ba a yi asarar abin da ba za a iya maye gurbinsa ba ta fuskar tarihi, kuma matuƙi ya san shekarun gam ɗin da ke riƙe da fiffikensa.

Mol ɗin Powell bai tsaya a kan KA114 ba. TV959, na koyar da tuƙi, ya tashi a Ardmore a 2016 aka kai shi tarin jiragen Paul Allen a jihar Washington. PZ474 ya biyo a Janairun 2019. A Ingila kuma wata ƙungiya mai suna The People's Mosquito ta samu zane-zanen kamfanin sama da 20,000 da aka gano a wani tsohon gini a Broughton ana dab da rushe shi, irin takardun da Powell ya sha wahalar nema ɗaya-ɗaya, suka kuma kama yin nasu mol ɗin.

Glyn Powell ya rasu a ƙarshen 2019. NZ2308, nasa na kansa wanda don shi ya fara sassaƙa mol sama da shekara talatin kafin nan, Avspecs ne suka ƙarasa shi, ya tashi daga Ardmore a Maris 2024.